Tambaya da Amsa: Diraf ɗin tsohon saitin Magic a intanet

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya:

Salam Yaya, barka da ƙoƙari. Ni dai na koyi wasan katin nan na Magic: The Gathering a manhajar Arena ta waya, kuma a sababbin saiti ina ɗan taɓukawa a diraf, ina cin wasa huɗu ko biyar kafin a fitar da ni. To da aka buɗe tsohon saitin nan Khans of Tarkir sai na shiga, wallahi duka kawai nake sha, katunana masu kyau suna hannuna ban iya sauke su ba, abokin karawa kuma sai kife kati yake yi ban san me ke ƙasa ba. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani tukuna, don ba kowa ya san wasan ba. Magic wasan kati ne da Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993. Ba kamar Whot ba ne da kowa ke jan kati daga tari ɗaya a tsakiya, nan kowa shi zai haɗa nasa tarin. Saiti kuma rukunin katuna ne da kamfanin ke fitarwa tare da suna ɗaya. A diraf mutum takwas ne, kowa da fakitin kati uku, ka buɗe ka ɗauki kati ɗaya ka miƙa sauran hagu, fakiti na biyu a miƙa dama, na uku a koma hagu, daga abin da ka tsinta ka haɗa kati 40 ka shiga fili da rai 20.

To matsalarka ƙanena ita ce ka shiga gidan 2014 da saurin gidan yau. Khans of Tarkir ya fito ne a watan Satumba na 2014, sai a Disamba 2023 aka kawo shi Arena, kuma an gina shi ne a kan ƙabilu biyar kowacce mai launi uku: Abzan fari da baƙi da kore, Jeskai shuɗi da ja da fari, Sultai baƙi da kore da shuɗi, Mardu ja da fari da baƙi, Temur kore da shuɗi da ja. Kaga kenan katunan da suka fi ƙarfi launi uku suke nema, kuma abin da ya sa suke maƙale maka a hannu ke nan, ka ɗauki katin amma ba ka ɗauki ƙasar da za ta biya shi ba, ƙasa kuwa ita ce katin da ake kwantarwa a biya kuɗin sauke sauran katuna, kowacce da launin da take bayarwa. A sababbin saiti mutum ya saba ya bar katin ƙasa sai ƙarshen fakiti, a nan kuwa akwai ƙasashe goma gama-gari masu ba da launi biyu, irin su Scoured Barrens da Jungle Hollow, suna shigowa a kwance, wato ba ka amfani da su sai zagaye na gaba, kuma su ƙara maka rai ɗaya, sannan ga guda biyar masu launi uku kamar Sandsteppe Citadel da Nomad Outpost. Waɗannan fa ba tarkace ba ne, in fakiti ya zo ba katin kisa ba wani babban kati to ka ɗauki ƙasar tun a zaɓi na huɗu ko na biyar, kar ka ce za ta zagayo, waɗanda suka san saitin ba za su bar maka ita ba. Kuma ƙasa 18 ake sawa a nan galibi, ba 17 da ka saba ba, domin kana son kai wa ƙasa biyar a kan lokaci.

Me ya sa biyar? Nan ne zancen katin da ake kife maka, wato mof. Duk kati mai mof za ka iya sauke shi a kife da ƙasa uku ta kowane launi, ya zama halitta mai ƙarfi 2 da juriya 2, ba suna ba launi, sannan duk lokacin da ka ga dama ka biya kuɗin buɗe shi ya juyo, kuma juyawar nan ba a iya tare ta da wani kati, kafin ka ce me ya riga ya buɗe. Masu tsara saitin sun sa wata ƙa'ida da ya kamata ka haddace kamar lambar wayarka: in mof biyu suka yi karo, kusan babu wanda zai buɗe da abin da bai kai ƙasa biyar ba ya kashe ɗan'uwansa kuma shi ya tsira. Duba Canyon Lurkers, yana buɗewa da huɗu ya zama 5 da 2, zai kashe naka amma shi ma ya tafi. Monastery Flock da ƙasa ɗaya tal yake buɗewa, 0 da 5, zai tsira amma bai kashe komai. Amma da zarar abokin karawarka ya kai biyar to labari ya canza, Abzan Guide ya buɗe 4 da 4 yana ƙara wa mai shi rai, Snowhorn Rider 5 da 5, Glacial Stalker 4 da 5, in ya kai shida kuma Woolly Loxodon ya fito 6 da 7. Saboda haka kafin ka kai hari ko ka tare, ka daina kallon katin da ke kife, ka kalli ƙasashensa, nawa ne a tsaye, wato waɗanda bai yi amfani da su ba tukuna, kuma wane launi. In huɗu ne ka tare abinka hankali kwance, in biyar ne kuma ka ga fari da baƙi da kore a tsaye to ka ɗauka Abzan Guide ne har sai ka ga akasin haka. Akwai 'yan tsiraru masu dabara irin Icefeather Aven da ke buɗewa da uku ya mayar maka da halittarka hannu, amma waɗannan ba su ne za ka riƙa haɗuwa da su kullum ba.

Ga wani abu da nake so ka gani da idonka. A ce kana riƙe da Debilitating Injury, katin baƙi mai cin ƙasa biyu da ke rage wa halitta 2 da 2. Abokin karawa ya sauke mof a zagaye na uku, ƙasashensa uku duk sun kwanta, to nan take a zagayenka ka ɗora masa, ya mutu ba tare da ya ga rana ba, ka kashe kati mai yiwuwa shi ne mafi girma a hannunsa da ƙasa biyu kacal. In kuwa ka yi ta ajiya wai kana jiran babban abu, sai ya kai ƙasa biyar, ka jefa katin shi kuma ya buɗe mof ɗin kafin naka ya sauka, sai ka ga Snowhorn Rider ya rage 3 da 3 yana nan daram yana dukanka. Kati ɗaya ne, lokacin saukewa ne kawai ya bambanta.

Shawarata a zaɓe, kar ka ɗaure kanka da ƙabila tun fakitin farko. Ka fara da launi biyu da suka haɗa ƙabila biyu, misali fari da baƙi suna cikin Abzan suna cikin Mardu, shuɗi da kore suna cikin Sultai suna cikin Temur, sai ka bari abin da ke zuwa maka daga maƙwabta ya faɗa maka na ukun, kuma na ukun nan ya zama ɗan kaɗan ne, kati uku ko huɗu. In ma ba ka son wahalar launi uku kwata-kwata, fari da baƙi na mayaƙa yana ci sosai, Mardu Hordechief da Chief of the Edge da Raiders' Spoils, ka matsa wa mutum lamba tun yana kwantar da ƙasashensa. Wasu gwanaye kuma suna kwashe ƙasashen nan su haɗa launi biyar gaba ɗaya su cika da mof, yana da daɗi ƙwarai amma ni ba zan ce ka fara da shi ba, ka bari sai ka san katunan da ka.

Kuma ka karanta saitin kafin ka biya kuɗin shiga. Kati 269 ne, ka shiga Scryfall, shafin intanet na binciken katunan Magic, ka tace masu mof kawai ka duba kuɗin buɗe kowanne, zama ɗaya ya isa, zai fi maka amfani a kan diraf uku na lalube.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Kaduna:

Malam ina wuni. Ni waɗanda suka fi Khans tsufa nake sha'awa, ina jin ana yabon Innistrad da Rise of the Eldrazi. A ina ake samunsu, kuma duk tsofaffin a hankali ake buga su? Sannan netwok ɗinmu ka san halinsa, ga ɗauke wuta.

Amsa:

Lafiya lau 'yar'uwa. Waɗannan a Magic Online ake samunsu, wani dandali ne daban da Arena wanda ya fara aiki tun 2002, a kwamfuta mai Windows yake tafiya ba a waya ba, kuma tun 2022 kamfanin Daybreak ke kula da shi. Ba kullum suke a buɗe ba, lokaci-lokaci ake dawo da tsohon saiti na ɗan takaitaccen lokaci sannan a rufe, a 2016 ma shekara guda aka ware ana bin tsofaffin saitin ɗaya bayan ɗaya. Sai ki riƙa duba jadawalinsu.

A'a, ba duka ne masu nawa ba, kuma wannan ne nake so mutane su gane, kowane saiti da takunsa. Zendikar na 2009 gudu ne tsagwaronsa, mai tsayawa tare hari shi ke kwana ciki. Rise of the Eldrazi da ya biyo baya a 2010 kuma ya juya lamarin gaba ɗaya, ƙaramar halitta mai 2 da 2 irin Glory Seeker da za a yi murna da ita a wani wuri a nan kusan ba ta da amfani, mutane tara ƙasa suke yi su sauke Ulamog's Crusher mai cin takwas, wanda duk harin da ya kai sai kin sadaukar da abu biyu daga filinki. Innistrad na 2011 shi kuma abin da ya sa har yau ake begensa shi ne katunan da ake rainawa su ne ke haɗuwa su zama abin tsoro, mutum ya riƙa zubar da katunansa cikin kabari, wato wurin ajiye katunan da suka mutu ko aka gama amfani da su, da gangan sannan ya sauke Spider Spawning ya samu gizo-gizo ɗaya a kan kowace halitta da ke kabarin, ya kuma sake jefa shi karo na biyu daga can. Wanda bai san wannan ba zai ta miƙa wa na kusa da shi kayan haɗin yana ganin shara ce.

Ki kuma lura, tsohon saiti da dokokin yau ake buga shi. A 2009 an cire dokar da ke barin halitta ta yi duka sannan a sadaukar da ita dukan kuma ya isa, don haka in kin karanta tsohon sharhi na kafin lokacin yana koɗa kati irin Mogg Fanatic, ki rage masa daraja.

Zancen netwok kuwa gaskiya ne, kuma ya fi ciwo a lokacin zaɓe, domin mutum bakwai na jiranki kuma akwai agogo, in kin yanke kwamfuta ce za ta zaɓa miki, ki dawo ki tarar da kati uku da ba ki nema ba. A wasan kansa Magic Online na ba kowa minti 25 na karawar gaba ɗaya, in naki ya ƙare kin faɗi ko da ke ce a sama. Don haka ki yi zaɓen lokacin da laftof ke cike da caji kuma ga data a waya a gefe ko da waifai ya ɗauke, wasannin kuma tunda tsarin lig ne kina iya buga ɗaya yau ɗaya gobe. A Arena in aka sa tsohon saiti a Quick Draft to wannan ya fi sauƙi, da kwamfuta ake zaɓen ba agogo, kina iya rufewa ki je ki dawo.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi:

Ranka ya daɗe, in na ga kati mai tsada a fakiti kamar Polluted Delta in ɗauka ko in bar shi? Kuma dole sai da dala ake shiga?

Amsa:

Alhaji ya danganta da inda kake. A Arena ba a saye ba a sayarwa tsakanin 'yan wasa, katin zai zauna a asusunka ne kawai, sai dai in kana buƙatarsa a wani tarin da kake haɗawa. A Magic Online ana musayar kati da tikiti, wato kuɗin cikin wasan, amma da yawa daga diraf ɗin tsofaffin saiti irin wanda ba a tafiya da katin gida ne, ana gamawa su ɓace, ka duba bayanin gasar kafin ka shiga, in irin wannan ne to tsadar kati ba ruwanka da ita, ka ɗauki wanda zai ci maka wasa. Polluted Delta a cikin diraf ma bai fi Dismal Backwater ba a wajen mai shuɗi da baƙi, na farkon rai ɗaya yake ci, na biyun ƙara maka yake yi.

Dala ba dole ba ce a Arena, zinaren da ake tarawa daga ayyukan kullum ya isa, 5,000 na Quick Draft, 10,000 na Premier Draft, ka yi ta bugawa har ka ci bakwai ko a cinye ka uku. In kuma zuciyarka ba ta kwanta da biyan kuɗin shiga don neman lada ba, ka kai wa malaminka yadda tsarin yake ya ba ka hukunci, kafin nan kuma akwai Draftmancer da Draftsim inda ake gwada zaɓe kyauta, a Draftmancer har kana iya tara abokai ku buɗe saitin da kuke so ku zaɓa tare.