Amsa ga ɗan'uwan da ya samu ɗan fili yana son fara noman albasa

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka: an ba ka fili a bakin fadama, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, da rijiya kusa, kana son ka gwada albasa amma ba ka taɓa yi ba, kana neman a faɗa maka takin da za ka saya. 'Yan'uwa sun yi ta kawo sunayen taki, Allah Ya saka musu da alheri. Ni dai a ganina maganar taki ta ɗan jira, domin abin da ya fi kayar da sabon manomin albasa shi ne kuskuren lokaci.

Albasa tana son sanyi lokacin da take ƙarama, zafi kuma sai za ta yi kai. Kowane ganye da ka gani a sama, gindinsa ne yake kumbura ya zama zobe ɗaya a cikin kan. Wadda ta tara ganye da yawa a hunturu ita ce za ta ba ka babban kai. Shi ya sa a wajenmu, yankin Kura da Kadawa inda ruwan Tiga yake bi, ake zuba iri daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yi dashe a Nuwamba ko Disamba, a cire wajen Maris. Wanda ya makara ya yi dashe a ƙarshen Janairu ba za a ce bai samu komai ba, amma zafi zai riske ta ganyenta bai taru ba, sai ya kwashi 'yan ƙanana kamar ƙwan zabuwa, ko buhun taki nawa ya zuba.

Sai iri. Irin albasa ba ya jure ajiya, da ya wuce shekara ƙarfin tsirowarsa ya ragu sosai. Kafin ka zuba, ƙirga ƙwaya 20, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kana ɗan yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 ka buɗe. In ka ga rabi bai fito ba, kada ka wahalar da kanka, nemi wani. Kuma kada hoton jikin gwangwani ya ruɗe ka. Akwai irin ƙasashen Turai da ba ya yin kai sai hasken yini ya kai awa 14, mu kuwa yininmu ba ya kai wa nan ko a tsakiyar damina; ganye kawai zai yi ta yi maka. Nemi jar albasar nan ta Galmi, wani gari a jihar Tawa ta Nijar, a jikin gwangwani za ka ga an rubuta Violet de Galmi. Akwai Red Creole, akwai kuma irin gida da manoman Aliero da Sakkwato suke ɗauka da hannunsu. Jar ta fi fara daɗewa a ajiye.

Gaskiya a shekarar farko na fi son ka sayi irin dashe wajen maƙwabtanka na lambu. Renon iri shi ne wuri mafi wuya: ruwan ƙarshen damina ya doke shi, ko laima ta yi yawa ka wayi gari ya ruɓe daga gindi ya kwanta. In dai ka nace sai ka rena da kanka, giram 50 ya ishi filinka. Ka ɗaga wurin ya yi tudu, ka ja layi marar zurfi, ka zuba, ka rufe da busasshiyar ciyawa, da ya tsiro ka yaye. Bayan kwana 40 zuwa 50, ya yi ganye uku ko huɗu, ya isa dashe.

Dashe da yamma ake yi, bayan an jiƙa komin, wato ɗan fangalin lambu da ake tare wa ruwa. Ka datse kan ganyen kaɗan, ka huda ƙasa da yatsa, ka sa farin gindin kawai ya shige, ka danna gefensa da babban yatsa. Sababbin manoma suna son binnewa da zurfi wai don ta tsaya da kyau, alhali albasa a saman ƙasa take son yin kai. In ka zurfafa sai ta fito doguwa siririya. Tazara santimita 10 tsakanin ɗaya da ɗaya, wato faɗin tafin hannunka, 15 tsakanin layi. In ka cire hanyoyin ruwa, filin nan zai ci dashe sama da 4,000. Kai da ba ka saba tsuguno ba, fara da rabi, sauran ka sa salak ko alayyafo.

To, ga maganar takin. Tun wajen gyaran ƙasa ka zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, ba ɗanyen kashin shanu ba, don ɗanye yana ƙona saiwa, ga 'ya'yan ciyawa da yake kawowa. Takin zamani na kamfa 15-15-15 kaɗan bayan ta kama, kamar mako biyu da dashe. Yuriya 'yar kaɗan a mako na biyar ko na shida. Da ka ga gindi ya fara kumbura ƙasa tana tsagewa a gefensa, ka ɗauke hannu daga yuriya gaba ɗaya. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa, don yuriya tana sa ganye ya yi shar, kowa ya wuce sai ya yaba. Amma wuyan albasar zai yi kauri ya ƙi bushewa, ta nan ruɓa take shiga. In ka lura da dillalai a kasuwa, wuyan suke fara matsawa kafin su yi tayi.

Saiwarta gajera ce, don haka ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika komi a bar shi ya kwanta. Ni ba na bin kalanda, yatsa nake sokawa: in gaɓa biyu ta shiga babu danshi, na ba da ruwa. Ciyawa kuwa da hannu za ka bi ta tun tana ƙarama, musamman aya-aya, saboda ganyen albasa ba ya yin inuwar da za ta danne ta, fartanya kuma tana saran kai.

In iskar hunturu ta bushe, ka riƙa buɗe tsakiyar ganye, can inda sabo yake fitowa. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ruwan ɗorawa da suke ɓuya a nan suna tsotsa, sai ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari yana ƙonewa daga sama. A ƙaramin fili 'ya'yan darbejiya sukan wadatar: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har cikin matsin ganyen. In abin ya gagara ka nemi malamin gona, kuma ka kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a ci lawashin.

Za ka san ta ƙosa idan wuyan ya yi laushi ganye ya fara kwanciya da kansa. In rabin komin ya kwanta, yanke ruwa, ka bar ta kwana 10 zuwa mako biyu. Kada tausayi ya sa ka ƙara mata ruwa, a nan ne albasa take ɗaukar ruɓar da za ta bayyana bayan wata guda a ɗaki. In ka tuge, ka jera ta yadda ganyen wannan zai rufe kan waccan, don ranar Maris tana dafa ta. Sai wuyan ya bushe ƙayau za ka yanke ganyen, ka bar kamar yatsa biyu. Waɗanda suka fitar da kara mai fure da waɗanda suka ji rauni, ware su a fara cinyewa, ba sa ajiyuwa. Ganye mai kyau da aka tsinka tun yana ɗanye kuma, a ba uwargida ta yi gabu.

Mutanen Aliero da Galmi a rudu suke ajiyewa, gadon kara a ɗage daga ƙasa da rufin ciyawa, iska tana ratsawa, su jira damina lokacin da farashi yake tashi. Kai taka ba ta kai a gina mata rudu ba: asabari a kan bulo a ɗaki mai taga ya isa, a baza ta, ba a buhun leda ba, duk mako a bi a tsince wadda ta yi laushi.

Ka faɗa mana garin da kake, da kuma ko ƙasar jigawa ce ko laka, domin in laka ce mai riƙe ruwa, kunyoyi za ka ja ka dasa a kansu maimakon komi.