Wai Ohtani ne ya fi kowa a tarihin besbol na Japan?

Tambaya: Salam Malam. Ni dai ƙwallon ƙafa na sani, amma kwanan nan bidiyon wani ɗan Japan Ohtani sai faɗo min yake a waya, wai an ba shi kwantiragin dala miliyan 700. Shi ne ya fi kowa a tarihinsu? Kuma in suna da lig nasu me ya kai shi Amurka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kuɗin da ka ji ba ƙarya ba ne, Los Angeles Dodgers ce ta ba shi a ƙarshen 2023, na shekara 10. Amma ka je Tokyo ka tare wani dattijo ka ce masa Shohei Ohtani ya fi kowa, kallon yaro zai maka, don su mutum biyu suka taso suna gani, Sadaharu Oh da Shigeo Nagashima, dukansu 'yan Yomiuri Giants, kuma ba wanda ya taɓa zuwa buga lig ɗin Amurka a cikinsu.

Bari in ɗan yi maka shimfiɗa tunda ba wasanmu ba ne. Mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, wani ya tare ta da sanda, in ya maka ta ta tsallake katangar fili shi ne hom ron, kusan kamar gol a wajenku. To Oh ya buga irin wannan har 868 tsakanin 1959 da 1980, har yau ba wanda ya kamo shi, Barry Bonds da ke kan gaba a Amurka 762 gare shi. Amurkawa kan ce ai filayen Japan na lokacin ƙanana ne, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma 868 fa ba wasa ba ne ko a tsakar gida ka buga su. Abin da ke burge ni da shi tsayuwarsa, yakan ɗage ƙafar dama sama ya tsaya da ɗaya kamar zalɓe a bakin rafi har ƙwallo ta iso, kuma da takobi kocinsa Hiroshi Arakawa ya horar da shi, a rataye 'yar takarda da zare ya yi ta sara sai ya iya yanke ta tas.

Nagashima kuwa lissafinsa bai kai na Oh ba amma shi jama'a suka fi so, shi ne ya buga hom ron ɗin da ya tashi wasa a gaban Sarkin Japan a 1959. Su biyun suka ɗaukar wa Giants kofi sau 9 a jere, 1965 zuwa 1973. Nagashima ya rasu a Yunin 2025 yana da shekara 89.

Batun tafiya Amurka kuma, a da ƙofar a garƙame take, kulob ne ke riƙe da kai. Hideo Nomo ne ya ɓalle ta, ya ce wa Kintetsu ya yi ritaya alhali da ƙarfinsa, ashe dabara ce, dokar ba ta hana mai ritaya buga wasa a waje ba, sai ga shi a Dodgers a 1995. A gida an ga baƙinsa sosai da farko. Bayan nan aka kafa tsarin da kulob zai saki ɗan wasansa Amurkawa su biya shi, irin kuɗin tiransifa dai, in kuma kulob ya ƙi sai ka cika shekara 9 kafin ka tafi don kanka. Ta wannan tsarin na biyan kulob Ichiro Suzuki ya bar Orix ya koma Seattle a 2001, ana cewa siriri ne ba zai iya ba, shekararsa ta farko ya zama gwarzon lig, a 2004 ya yi bugu mai kyau 262 a kaka ɗaya wanda har yanzu shi ne tarihi. Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne, kuɗi da neman gwada ƙwanji da manya. Lig ɗin Japan kulob 12 ne kuma filayensu cika suke maƙil, amma ba mai iya ba ɗan wasansu mai jifa Yoshinobu Yamamoto dala miliyan 325 da Dodgers ta ba shi.

Yanzu ga ra'ayina. In tarihin lig ɗin Japan kake nufi, Oh ne, Ohtani ma kaka 5 kawai ya yi a can tare da Nippon-Ham, 2013 zuwa 2017. In kuwa baiwa kake nufi to ban ga na biyunsa ba. A wasan nan ko dai kai mai jifa ne ko mai bugu, shi ya haɗa duka biyun, ka ɗauka gola ne da ke kama fanareti kuma shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a lig. Tun yana gama sakandare ya so wucewa Amurka, Nippon-Ham suka shawo kansa da alƙawarin za su bar shi ya yi duka biyun, abin da Japanawa ke kira nitoryu, wato mai takobi biyu. A 2024 hannunsa bai warke daga tiyata ba bai yi jifa ko sau ɗaya ba, sai ya huce da hom ron 54.

In kana da data nemi ƙarshen wasan kofin duniya na besbol na 2023 a Miami. Japan na da 3 Amurka 2, saura mutum ɗaya a tashi, Ohtani ke jifa, mai sandan kuma Mike Trout ne abokin wasansa a Angels, kulob ɗin Amurka da Ohtani ke bugawa a lokacin. Jifan ƙarshe ta taho kamar za ta shigo sai ta karkace waje, Trout ya kai mata duka ya sami iska, Ohtani ya yi wurgi da hularsa. Kocin Japan a ranar Hideki Kuriyama ne, mutumin da ya ba shi takobi biyun a Nippon-Ham.