Shin In Bar Ɗana Ya Tafi Sansanin Majami'a?

Tambaya: An yi sanarwa a majami'armu cewa za a kai yara sansani na kwana biyar a dogon hutun watan Agusta. Ɗana mai shekara 9 ya dage sai ya je, alhali bai taɓa kwana a wani wuri ba tare da mu ba, mahaifinsa kuwa yana ganin ɓarnar kuɗi ce. Don Allah, me yara suke yi a can tun daga safe har dare? Daga wata uwa, Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiyar yara. Tsarin yakan bambanta daga wannan ikilisiya zuwa waccan, amma galibi ana kaɗa ƙararrawa wajen ƙarfe shida na safe, a yi addu'a tare, kowa ya gyara shimfiɗarsa ya yi wanka, sannan a karya da shayi da burodi ko koko da ƙosai. Daga nan sai a raba yara rukuni-rukuni bisa shekarunsu, kowane rukuni da malaminsa, a yi darasi daga Littafi Mai Tsarki, a kuma ba su ayar da za su haddace kafin yamma. Abin da ya fi tayar musu da tsimi shi ne gasar buɗe aya, inda malami yakan ambaci littafi da sura da aya, wanda ya riga samowa ya miƙe ya karanta. Yaron da ya saba neman littafin Habakuk a cikin Sabon Alkawari, alhali a Tsohon Alkawari yake, kafin kwana uku sai ki ga hannunsa ya faɗa.

Bayan abincin rana da ɗan hutu, akan fita fili domin ƙwallo da tseren buhu, wasu kuma a koya musu haɗa sabulu ko sarƙar duwatsu. Inda akwai 'yan Boys' Brigade, ƙungiyar samarin majami'a da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, su ne suke koya wa yara fareti da kiɗan ganga. Idan masu shirin suna da hali, sukan ware yini guda a ziyarci Badagry, garin da Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a 1842, yara su ga tsohon benen mishan da idonsu. Da dare kuma sai waƙoƙi da wasan kwaikwayo, kamar labarin Yusufu da 'yan'uwansa, kafin a kashe fitila. A Legas yawancin wannan da Turanci ake yi, don haka ina ba ki shawara ki saka masa Littafi Mai Tsarki na Hausa a jaka, kada karatun harshen gida ya kuɓuce masa.

Sai dai a ganina, duk wannan jadawali bai kai muhimmancin manyan da za su kwana da yaran ba, kuma nan ne ya kamata ki tsananta bincike. Ki je wurin shugaban makarantar Lahadi da kanki, ki tambaye shi yara nawa ne suke hannun kowane malami, ko ɗakunan kwanan maza da na mata a rabe suke, ko akwai ma'aikaciyar jinya, da kuma inda ake samun ruwan sha. Idan wurin yana kusa, ku je ke da maigida ku gani tun kafin ku biya, domin wataƙila ganin ne zai sauya masa ra'ayi. Duk mai shirin da ya ji haushin irin waɗannan tambayoyi, kada ki ba shi ɗanki.

Ruwan sama yakan ɗan lafa a Legas a watan Agusta, amma sauro ba ya hutu, saboda haka gidan sauro ya zama dole, tare da tocila da rigar sanyi. Idan yana shan wani magani, ki damƙa shi a hannun malami, ba a hannun yaron ba. Sansanoni da yawa ba sa barin yara su riƙe waya, sai ki karɓi lambar malamin rukuninsa. Mai yiwuwa ya yi kukan gida a daren farko ko na biyu, wannan kuwa ba dalili ba ne na zuwa ɗauko shi, muddin malamin ya tabbatar miki yana cin abinci yana wasa da 'yan'uwansa. Kada kuma ki manta ki rubuta sunansa a jikin bokiti da silifa, domin su ne suka fi ɓacewa.