Amsa ga ɗan ƙanena kan al'adar tafiyar da reshen ƙungiyar jami'an mulki

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki da jin cewa abokan aikinka sun zaɓe ka shugaban reshen ƙungiyar ƙwararrun jami'an gudanar da mulki na garinku. Allah ya taya ka riƙo. Ka ce kana mataki na 12 a aikin gwamnati, alhali a cikin 'yan reshen akwai daraktoci har da babban sakatare guda, kuma wasu dattawa sun ja ka gefe sun shaida maka cewa al'adar da aka gada ita ce wanda ya fi kowa muƙami shi ke shugabanci, don haka ya kamata ka janye. Ka kuma tambaya ko al'ada ta wajabta wa reshe fitar da gudummawar biki da suna da ta'aziyya daga asusunsa, da kuma ko dole ne sabbin shugabanni su kai ziyarar ban-girma gidan gwamnati domin neman tallafi.

Amsata a kan ta farko ita ce kada ka janye. Amma ba na so ka ɗauki dattawan nan a matsayin masu hassada, domin abin da suka faɗa maka yana da tushe, kuma idan ka san tushen za ka fi iya zama da su. Aikin gwamnati a Arewa ya taso ne daga ofisoshin En'e da na Razdan da Di'o, inda kowa ya san wanda ke samansa, kuma ƙaramin akawu ba ya buɗe baki a gaban wakili sai an ba shi izini. Makarantar Kongo da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1947 domin horar da akawuna, ta zama cibiyar koyar da aikin mulki a 1954, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ta yaye da yawa daga cikin waɗanda suka koya mana aiki, kuma sun fito da wannan ladabi a jikinsu. Daga baya rahoton kwamitin Udoji na 1974 ya jera ma'aikata a matakai daga 01 zuwa 17, sai kowa ya samu lambar da ake auna shi da ita. Mutumin da ya shekara talatin yana rayuwa da wannan lamba, ba abin mamaki ba ne idan ya shigo taron ƙungiya da ita a kansa.

Sai dai wannan al'ada ta ofis ce, kuma ƙungiyar ƙwararru ba ofis ba ce. A ofis gwamnati ce ta ɗauke ku aiki ta jera ku, wani a sama wani a ƙasa. A ƙungiya kuwa kowa da ƙafarsa ya zo, ya cike takardar shiga, ya biya kuɗin rajista daidai da matsayinsa na ɗan ƙungiya, kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. Tsofaffin ƙungiyoyin da suka yi ƙarko a ƙasar nan, irin su cibiyar ƙwararrun manajoji ta NIM da aka kafa a 1961, da ta masu kula da ma'aikata wato CIPM da aka kafa a 1968, suna da nasu matakan na 'yan ƙungiya, kuma da zaɓe suke fitar da shugabanninsu bisa tsarin mulkinsu. Ka ɗauko kundin tsarin mulkin uwar ƙungiyarku ka karanta sashen da ya yi magana kan zaɓen rassa. Idan ya gindaya sharaɗin da ba ka cika ba, to ka sauka da kanka ba sai an roƙe ka ba. Idan kuwa ka cika sharuɗɗan kuma an kaɗa ƙuri'a a fili, to janyewarka cin amanar waɗanda suka zaɓe ka ne, kuma za ka koya wa matasan reshen cewa ƙuri'arsu ba ta da amfani sai manya sun sa mata albarka.

Abin da dattawan suke tsoro shi ne raini, kuma a nan ne aikinka yake. Girma daban, riƙon taro daban. Sarki yana bin liman salla a masallacin Juma'a, bai rage masa komai ba, shi kuma liman bai zama sarki ba don ya tsaya a gaba. Saboda haka kafin taronka na farko ka ɗauki mataimakinka da sakatare ku je ku gai da kowane babba a ofishinsa ko a gidansa, ku nemi shawararsa, kada ya fara jin labarinka a dandalin WhatsApp na reshe. Waɗanda suka yi ritaya, wato suka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, da waɗanda ke kan manyan kujeru, wurinsu shi ne cikin iyayen ƙungiya ko kwamitin dattawa, inda za a nemi bakinsu idan rigima ta taso. Wannan matsayi ne na gaske, kada ka mai da shi ado. Amma hannunsu ba ya shiga asusu, kuma ba su soke abin da babban taro ya zartar.

Bari in nuna maka inda abin yake fi wuya, domin na sha ganinsa. An sa taro ƙarfe huɗu bayan La'asar, an buɗe da addu'a, sakatare yana tsakiyar karanta rahoton taron da ya gabata, sai ga babban sakatare ya shigo ƙarfe biyar saura kwata da mai riƙe masa jaka a bayansa. Nan take rabin zauren zai miƙe, wani ya ruga ya ɗauko kujera mai hannu, wani ya ce a sake karatun daga farko domin yallaɓai ya ji. Abin da ya kamace ka shi ne ka dakatar da karatun na ɗan lokaci, ka miƙe ka ce, “Ranka ya daɗe, barka da zuwa,” a kai shi kujerar da aka riga aka keɓe wa iyayen ƙungiya a sahun gaba, ka gaya masa a taƙaice inda aka kai a ajanda, sannan sakatare ya ɗora daga inda ya tsaya. Kada ka tashi daga kujerar shugaba ka miƙa masa, kuma kada a koma farko. Idan ya nemi magana ka ba shi kafin kowa, wannan haƙƙin shekarunsa ne, amma idan an zo ƙuri'a hannunsa ɗaya za a ƙirga. Babban da ya san aiki zai ji daɗin haka a ransa ko da bai faɗa ba, domin shi ma haka yake so a riƙe masa taro a ma'aikatarsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ni kaina ba na son a ɗora wa mai riƙe da babbar kujera shugabancin reshe. Lokacinsa ba nasa ba ne, ana iya kiran sa gidan gwamnati a kowane sa'i, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki da takarda ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci, idan shi ke jagorantar taro babu ƙaramin jami'in da zai iya cewa tsarin kaza na ma'aikata ba ya aiki, domin wanda zai rubuta masa rahoton shekara na ƙarin girma shi ne ke zaune a gabansa. To reshen da ba a iya faɗin gaskiyar aiki a cikinsa, me ya rage masa ban da cin abinci da ɗaukar hoto?

Maganar gudummawa kuwa, ba zan ce maka a daina ba, domin mu mutane ne masu zumunci, kuma ɗan ƙungiyar da aka yi wa rasuwa bai ga kowa daga reshensa ba, ba zai sake zuwa taro ba, kuma yana da gaskiya. Abin da ke kashe rassa shi ne haɗa kuɗin zumunci da kuɗin ƙungiya a jaka ɗaya. Kuɗin shekara da ɗan ƙungiya ke biya na horo ne da tarurruka da kason da ake aika wa uwar ƙungiya. Ku buɗe gidauniyar jin daɗi daban, da littafinta daban, kowa ya riƙa zuba abin da aka amince a kai duk wata, kuma ku rubuta ƙa'idarta tun babu wanda abin ya shafa: nawa ake bayarwa a rasuwar ɗan ƙungiya, nawa a ta iyaye ko mata ko miji ko ɗa, nawa a jinyar da ta kai ga kwanciya a asibiti. Adadin ya zama ɗaya ga darakta da ƙaramin jami'i. Na ga reshen da ya watse saboda an kai wa wani babba sa guda a bikin 'yarsa, bayan wata biyu mahaifiyar wani matashi ta rasu aka ce asusu babu komai. A ra'ayina rasuwa da jinya su ne haƙƙin gidauniya, biki da suna kuwa kowa ya kai nasa da hannunsa.

Shi kuma asusun reshe ya kasance a banki da sunan reshe, ba da sunan ma'aji ba, komai amanarsa. Mutum uku ke sa hannu, shugaba da sakatare da ma'aji, kuma ba a fitar da ko sisi sai da hannun biyu daga cikinsu. Duk wanda ya biya a ba shi rasit, ko ta waya ya turo. A kowane taro ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen shekara kuma mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su binciki littattafan. Kada ka ji kunyar wannan. Ku ne kuke koya wa jama'a dokokin kashe kuɗin gwamnati da dokar sayen kayayyaki ta 2007, ba zai yiwu a same ku kuna riƙe naku kuɗin a aljihun riga ba.

Ziyarar ban-girma al'ada ce mai kyau, ku kai ta. Shugaban ma'aikata na jiha ya cancanci ya san ku, haka shugaban ƙaramar hukuma, haka mai martaba sarki ko hakimin garin. Amma ku je da takarda a hannu mai ɗauke da abin da za ku yi wa aikin gwamnati a wannan shekara, ba da ƙoƙon bara ba. Idan an ba ku aron zauren taro ko an saki ma'aikata su halarci horo, wannan taimako ne mai tsabta, ku karɓa ku rubuta takardar godiya. Kuɗin da ɗan siyasa zai miƙo a ambulan kuwa, musamman idan zaɓe ya ƙarato, ku guje shi, haka nan lambar yabo ga wanda ke kan mulki da ƙaddamar da kalanda mai hotonsa. Wanda kuka rataya wa lamba bana, magajinsa zai tuna da ku baɗi. Mu da muka ga korar dubban ma'aikata a 1975 zamanin Janar Murtala, muka kuma ga dokar soja mai lamba 43 ta 1988 wadda ta mai da manyan sakatarori manyan daraktoci masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, har sai da kwamitin Allison Ayida ya ba da shawarar a koma tsarin da, mun san abin da ke samun ma'aikaci idan aka jingina shi da mai mulkin yau. Ƙa'idojin aikin gwamnati ma sun hana ma'aikaci shiga harkar jam'iyya, kuma rigar ƙungiya ba ta halatta abin da aka hana.

Ka kuma kiyaye kada a mai da reshen ƙungiyar ƙwadago. Za a zo maka da kukan albashi da ƙarin girman da aka riƙe da kuɗin fansho, kuma kukan gaskiya ne, amma yana da masu shi, irin su NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi da ƙungiyar manyan ma'aikatan gwamnati. Aikinku shi ne ƙwarewa. Yau akwai matasa masu digiri biyu waɗanda ba su iya rubuta bayani a cikin fayil yadda na sama zai yanke hukunci a kansa ba, ba su san bambancin takardar sanarwa ta ma'aikata da takardar da ake gabatar wa majalisar zartarwa ba, kuma ba laifinsu ba ne, babu wanda ya zaunar da su. Kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati ta ASCON da ke Topo a Badagry, wadda aka kafa a 1973, ba kowa ke samun zuwa ba, balle jami'in da ke ƙaramar hukuma mai nisa. A nan ne dattawan da ke neman ka janye za su fi yi maka amfani. Ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya zo da tsohon fayil da aka rufe, wanda babu sirri a cikinsa, ya bi shi shafi-shafi da matasa, ya nuna musu inda aka yi daidai da inda aka yi kuskure. Ka shirya bita kafin jarrabawar ƙarin girma. Ranar 23 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa aikin gwamnati, ku yi lacca guda mai ma'ana maimakon liyafa. Dattijon da aka ba allo da alli ya koyar, da wuya ya sake tayar da maganar kujera.

Wajen sa lokacin taro ka tuna da matan reshen, waɗanda taron da ya wuce Magariba yake hana su zuwa, ka kuma tuna da abokan aikinku Kirista, kada a riƙa sa taro ranar Lahadi da safe, kuma idan Musulmi ya buɗe da addu'a a bar Kirista ya rufe, kamar yadda aka saba a tarurrukan ma'aikata.

Tun daga wannan makon ka sa sakatare ya karɓi littafin rahoton taro da rajistar 'yan ƙungiya da takardun banki daga hannun shugabannin da suka sauka, a rubuta abin da aka karɓa, ɓangarorin biyu su sa hannu, a aika wa uwar ƙungiya kwafi. Ka kuma duba ranar da wa'adinka zai cika, ka sanar da ita a taron farko, a rubuta ta a cikin rahoto tare da watan da za a kafa kwamitin zaɓe. Idan ka gama zagayen gaisuwar manyan, ka rubuto mini abin da kowannensu ya ce, musamman shi babban sakataren.

Ka gai da mahaifinka da sauran mutanen gida.

Baffanka.