Tambaya da Amsa: Makin ɗalibai a fayil ɗin XML

Tambaya: Malam, an ba ni fayil ɗin XML mai ɗauke da sunayen ɗalibanmu da makinsu. Na ɗan fara koyon Python, yaren rubuta shirin kwamfuta. Yaya zan ciro makin ba tare da na yi ta kwafa ɗaya bayan ɗaya ba? (Wata malamar makaranta, Zariya)

Amsa: Malama, kada ki wahalar da kanki wajen yanka rubutun da hannu. XML tamkar bishiya yake, akwai tushe, akwai rassa, kuma Python na zuwa da abin hawanta, wato xml.etree.ElementTree. Ba sai kin sauke komai ba.

Ki buɗe fayil ɗin da parse, ki kama tushen da getroot, sannan findall('dalibi') ta jero miki ɗaliban da ke ƙarƙashinsa, in dai da sunayen 'dalibi' da 'maki' aka tsara fayil ɗin. A kan kowanne, find('maki').text zai ba ki makin. Amma fa a matsayin rubutu yake fitowa, ko da 75 kika gani. Sai kin sa shi cikin int, mai mayar da shi lamba, kafin ki yi lissafi. Idan kuma wani ɗalibi ba shi da maki, find za ta dawo da None, wato babu komai, shirin ya tsaya cak. Ki riƙa dubawa tukuna.

XML ba ya yafiya. "Maki" daban, "maki" daban, kuma alamar & guda tsirara ta isa ta hana fayil buɗewa, sai an rubuta ta &. Ki adana sakamakon da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu na iya fitowa a birkice.

In wata rana shafin intanet ne, ni BeautifulSoup, wani kayan aikin Python, nake ɗauka, don ta fi haƙuri da HTML (rubutun shafin intanet) mara tsari.