An ce mini ringi kawai take so, ashe bulon injin a tsage yake

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Da na sayar da riɗina sai na sayi tsohuwar Golf ta hannun dillali, don in riƙa ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Gujungu ranar Lahadi. Sun ce tana hayaƙi, canjin ringi (zobban cikin inji) kawai take so, har aka rage mini kuɗi. Kwana tara da saye, bakanike ya duba ya ce bulon injin a tsage yake, an liƙe shi da gam. Mai motar ya ce yadda na gan ta haka na saya. Ina da hakki?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ka ajiye motar nan. Kada ka je Gujungu da ita ko sau ɗaya, kada kuma bakanike ya sauke injin. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jigawa da Kano suke aiki da shi, mai saye da ya ga aibi sannan ya ci gaba da moran kaya, ana ɗaukar ya yarda da aibin. Mutane da yawa a nan suke zubar da hakkinsu: sai sun yi wata biyu suna lodi suna ƙara ruwa a lagireto, sannan su tuna da kotu.

Aibi biyu ne a motarka, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Hayaƙi da ringi an faɗa maka, an rage maka kuɗi a kansu, wannan naka ne. Tsagar bulo kuwa ba a ambata ba, ba kuma abin da ido zai gani a tsaye a bakin kasuwa ba ne. Irinsa shi ke ba mai saye zaɓi: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a haka. Idan ka riga ka yi wa motar canjin da ba za ta mayu yadda take ba, abin da ya saura shi ne a ƙiyasta darajarta da aibin da kuma babu shi, a biya ka bambancin. Maganar "yadda ka gani" ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Gam ɗin nan ba shi ya shafa kansa ba.

Sai dai hujja a kanka take, tunda kai ne mai da'awa. Dole ka nuna tsagar ta riga cinikin, domin abin da mai motar zai fara faɗa shi ne kai ka bar ta ta yi zafi. Ka samo bakanike na biyu wanda ba ya cin abinci a wurinka, ya duba a gaban shaidu. Ku ɗauki hoton wurin da gam ɗin, da sandar gwada baƙin mai idan ya koma kalar shayi mai madara. Takardar ciniki, shaidar tura kuɗi, saƙon murya na WhatsApp, duk ka adana. Dillalin ma shaida ne, kuma idan ya sani ya yi shiru, la'adarsa ba za ta hana a haɗa da shi a ƙara ba.

Ni dai shawarata ka fara da sulhu a gaban dagaci ko shugaban dillalai, a rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, ka shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yankin da yake zaune ko inda aka yi cinikin. Idan mutumin sana'arsa ce sayar da motoci, dokar kare hakkin masu saye ta tarayya ta 2018 ma tana ba ka damar mayar da kaya mai lahani cikin wata uku, a gyara, a canza ko a biya ka. Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin karɓo kuɗi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki zalla. Zamba laifi ce, gaskiya, amma ko an tsare shi ba shi ke dawo maka da kuɗin riɗinka ba.

Idan kuka daidaita kan ka riƙe motar ya rage maka, ka fara jin farashin inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kafin ka yanke adadi, ka haɗa da kuɗin dako da na aiki. In ka sayo, ka karɓi rasiti mai ɗauke da lambar injin, ka kai ofishin lasisi a gyara takardu tare da canjin sunan mallaka, domin lambar da ke cikin takardun yanzu ta tsohon injin ce.