Wa zai koya wa yaron, shi ne abin dubawa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya ƙware a matakin farko na ninƙaya, kina tsakanin barinsa a inda ya fara ko kai shi kulob mai horar da 'yan gasa. Ni dai shawarata, ki bi malami, kada kyan wuri ya ruɗe ki. Ki je da kanki ki zauna ki kalli darasi guda kafin ki yi rajista. Ki duba ko kocin yana da takardar shaidar horarwa da ta ceton rai, ko akwai mai tsaron ruwa daban a bakin kwamin, sannan yara nawa ne a hannunsa. Ki tabbatar tsawon kwamin ya kai mita 25, domin a ƙaramin wuri yaro ba ya samun isasshiyar damar gyara numfashi.

Abin da ya sa na nace a kan yawan yara, na gani a kan 'yata. Na sa ta a wani wuri mai kyau sosai, amma koci ɗaya ne da yara fiye da goma, ta yi watanni tana ɗaga kai gaba ta shaƙi iska maimakon ta juya gefe, babu wanda ya lura. Gyaran ya fi koyon farko wahala, wallahi. Sharaɗi ɗaya kawai: idan har yanzu bai iya tsallaka mita 25 ba tare da hutawa ba, ko yana firgita a ruwa mai zurfi, ki bar shi a inda yake tukuna.